'Yar Amshi

A kantin titin Gratiot, Talata da hantsi,
ina juya gwangwanin wake biyu a hannu,
wannan ya fi araha, wancan ba gishiri,
sai rufin kanti ya buɗe baki da muryata.

Ba ni ce a gaba ba.
Gaba ta Lorenzo Tibbs ce, Allah ya ji ƙansa,
mai kwat ɗin siliki, gashi kwance kamar an lashe,
shi ne a bangon faifai yana haska haƙorin zinariya.
Ni ina can baya, inda ake cewa uhu, uhu,
ni da Verline da Odessa,
baki uku, makirufo ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Janairun sittin da biyar.
Ɗakin ɗaukar sauti a ƙarƙashin gidan mai gyaran rediyo,
an manne bango da kwalin ƙwai da tsofaffin barguna,
ƙanƙara ta toshe taga,
in ka yi magana sai ka ga maganarka tana tashi fara.
Daga aikin dare na zo, kamfanin ɗinkin kujerun mota,
idona kamar an zuba yashi,
aka ce mu tafa.
Sau goma sha bakwai muka tafa.
Makaɗi ya yi tuntuɓe, a sake.
Lorenzo ya yi tari, a sake.
Tafin hannuna ya yi ja kamar na dafa murhu
kafin mutumin bayan gilashi ya ɗaga babban yatsa.

Dala goma sha biyar, a ambulan.
Na sayi takalmin sanyi, na biya bashin gas.
Faifan ya tafi yawon duniya bai ce min sai an jima ba,
ya shiga motoci, ya shiga bukukuwa,
sojoji sun tafi da shi ƙetaren teku,
an yi ciki a kansa, an yi saki, an yi makoki.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Na duba bangon faifan gaba da baya
har sunan mai ɗaukar hoto na gani.

Verline ta riga mu, ciwon nono.
Odessa tana gidan tsofaffi a Toledo,
ba ta san 'yarta ba, ni ma Malama take ce min,
amma ranar da na kunna mata faifan
sai hannuwan nan masu rawa suka tashi da kansu
suka faɗa daidai gurbi,
ko ƙiftawar ido ba su makara ba.

Akwai wani abu da ban cika faɗa ba.
Minti biyu da daƙiƙa goma, bayan kakakin ya yi shiru,
wata 'yar dariya ta kuɓuce, guntuwa, kamar shaƙuwa.
Verline ce ta taka min ƙafa.
Sun gaji da sakewa, suka bar ta a ciki.
Ita kaɗai ce ba wanda ya rubuta min,
ba wanda ya biya ni kuɗinta.

To, na ajiye wake, na dafa keken kaya,
na sa kunne ina jiran yarinyar nan 'yar shekara sha tara.
Kakaki ya sauka. Saura ƙiris.
Sai lasifika ta yi ƙara, wani saurayi ya ce
ana neman mai goge-goge a layi na bakwai, madara ta zube.

Da waƙar ta dawo har an wuce ni.

A wurin biyan kuɗi, yarinyar, Keondra ke rubuce a ƙirjinta,
tana bin amshin ƙasa-ƙasa, cingam a baki.
Ta ce, kakata na mutuwar son wannan tsohon kiɗa.
Na ce, kin ɗan yi ƙasa, 'yata, ɗaga shi kaɗan.
Ta ɗaga. Ya zauna.
Ta miƙo min canji, dala ɗaya da kwabbai,
ta ce in taka a hankali, ƙofar da santsi.